Martani Ga Mai Cewa Maganin Daji Na Asibiti Guba Ne

Na karanta rubutun da wani ɗan'uwa marubuci ya yi kwanakin baya a kan magungunan cutar daji, na kuma bi shi a tsanake don kada in ɗora masa abin da bai faɗa ba. Ga abin da na fahimta. A ganinsa, sinadaran da masana ke haɗawa a ɗakunan gwaje-gwaje don hana ƙwayoyin halittar jiki rabuwa guba ne tsantsa, tunda asalinsu ma makamin yaƙi ne. Ya ce kullum ana shelar an gano sabon magani, amma mutane ba su fasa mutuwa ba. Ya ce itatuwan da Allah ya hore mana sun ishe mu, sun kuma fi aminci domin ba hannun ɗan'adam ya ƙaga su ba. Shawarar da ya bar wa mai ciwo ita ce ta masu iya magana: da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Ba na shakkar kyakkyawar niyyar Malam. Duk wanda ya taɓa jinyar mai karɓar kemo, wato maganin daji na asibiti, ya ga gashi na zuba, baki ya yi gyambo, ga amai ba ƙaƙƙautawa, ya san inda zafin alƙalaminsa ya fito. Sai dai akwai baiwar Allahn da ta ji ƙullutu a nononta, tana cikin shawarar ta je asibiti ko kada ta je, ita ce za ta karanta wannan rubutu ta yanke hukunci da shi. Saboda ita na ɗauki alƙalami.

Maganar makamin yaƙi gaskiya ce, ba zan musa ba. A Yaƙin Duniya na Ɗaya an yi amfani da wata iskar guba mai ƙona fata da huhu, likitoci kuma suka lura cewa sojojin da ta shafa ɓargonsu yakan ƙafe, fararen ƙwayoyin jininsu su ƙare. A 1942 wasu masana biyu na Jami'ar Yale a Amurka, Louis Goodman da Alfred Gilman, suka yi tunanin cewa abin da ke rage fararen ƙwayoyin jini zai iya taɓa cutar dajin da ta samo asali daga irin waɗannan ƙwayoyi. Aka gwada wani dangin sinadarin a kan wani majinyaci da kumburi ya kusa toshe masa numfashi. Kumburin ya saɓe, daga baya ya dawo, mutumin ya rasu. Malam a nan ya tsayar da labarin. Amma a ranar ne aka fara gani da ido cewa ana iya sa magani a jini ya narkar da ƙarin daji, kuma shekaru 80 da suka biyo baya an shafe su ne ana gyara wannan aiki. Wanda ya yanke wa maganin yau hukunci da abin da aka yi a 1942 bai yi adalci ba.

Bari in ɗan faɗi yadda abin yake, domin rubutun Malam ya tsallake wannan gaɓa. Jikin mutum tarin ƙwayoyin halitta ne da ido ba ya gani. Ƙwaya ɗaya takan rabu gida biyu, biyun su zama huɗu. Haka jariri ke girma, haka rauni ke warkewa. Kafin ƙwaya ta rabu sai ta kwafi bayanan gadonta, wato DNA, sannan ta miƙa wasu siraran zaruruwa daga gefe biyu, su ja kwafi ɗaya nan, ɗaya can, kafin ta tsinke a tsakiya. Akwai kuma sinadarai a cikinta masu ba da izinin farawa da umarnin dakatawa. Cutar daji ita ce ƙwayar da ta daina jin umarnin dakatawa. Wasu magungunan suna lalata aikin kwafin, wasu suna tare zaruruwan, wasu kuma suna hana ba da izinin. Illar da ake gani a jikin majinyaci daga nan take: saiwar gashi da fatar cikin baki da hanji da ɓargo su ma ƙwayoyinsu masu saurin rabuwa ne, don haka magani ke taɓa su. Bambancin shi ne, lafiyayyun ƙwayoyi sun fi na daji iya farfaɗowa. Shi ya sa ake ba da kemo zango-zango, sau da yawa bayan kowane mako uku, ana auna jini kafin kowane zango, ana lissafa yawan maganin da tsawo da nauyin mutum. Gashi kuma a mafi yawan lokuta yakan dawo.

To, me wannan guba ta taɓa yi wa wani? A 1947 wani likitan yara a Boston, Sidney Farber, ya fara ba yara masu sankarar jini wani sinadari da wani masani ɗan Indiya, Yellapragada Subbarow, da abokan aikinsa suka haɗa. A rahotonsa na 1948, yara 10 cikin 16 sun samu sauƙi na ɗan lokaci. Kafin nan yaron da ya kamu da wannan cuta watanni kaɗan yake yi. Daga dangin wannan sinadari aka samu metotireksat, wanda a 1956 likita Min Chiu Li ya warkar da wata muguwar cutar daji mai tasowa daga mabiyiya bayan juna biyu da shi, warkewa ta dindindin. A yau, a ƙasashen da asibitocinsu ke da kayan aiki, kusan yara 90 cikin 100 masu irin sankarar jinin da Farber ya yi fama da ita suna rayuwa. Ba da tsafi aka kai nan ba, da waɗannan magunguna ne, ana haɗa uku ko huɗu a lokaci guda.

Idan Malam zai ce wannan labarin Turawa ne, ga na gida. Akwai cutar dajin da ke kumbura muƙamuƙi ko cikin yara a yankunan da zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu, har da Nijeriya da Kamaru. Likita Denis Burkitt ne ya bayyana ta a 1958 a Kampala ta Yuganda, ake kuma kiranta da sunansa. Ƙarin yana iya ninka girmansa cikin kwana ɗaya ko biyu, kuma wannan saurin nasa shi ne lagonsa, domin maganin da ke farautar ƙwaya mai rabuwa ya fi kama shi. A asibitin koyarwa na Ibadan, likita ɗan Kamaru Victor Anomah Ngu yana cikin waɗanda suka nuna cewa kemo na warkar da waɗannan yara, aikin da ya sa aka ba shi lambar yabo ta Lasker a 1972. Ma'aikatan sashen yara a asibitocin koyarwa na Arewa sun san wannan gani: yaro ya zo fuska ta karkace, ido ya turo, bayan allurar farko kumburi ya fara saɓewa cikin kwanaki. Ina so Malam ya gaya mini wace saiwa ce ta taɓa yin haka a gaban shaidu, da rajista, da adadin waɗanda suka rayu da waɗanda suka mutu.

Yanzu sai babban ginshiƙin hujjarsa, wato katangar da ya gina tsakanin na Allah da na ɗan'adam. Wannan katanga babu ita. Akwai wani ɗan fure mai launin hoda ko fari, asalinsa daga Madagaska, wanda ake shukawa don ado a harabar makarantu da ofisoshi a garuruwanmu. A Jamaika ana dafa ganyensa a sha don ciwon sukari. Aka aika ganyen Kanada, inda Robert Noble da Charles Beer suka gwada shi a jikin ɓeraye. Sukari bai sauka yadda ake zato ba, sai fararen ƙwayoyin jini suka zube. Daga nan aka tace binbilastin a 1958, sannan ɗan'uwansa binkiristin, wanda aka amince da shi a 1963, wanda kuma har gobe yana cikin magungunan da ake warkar da sankarar jinin yara da su. Aikinsu shi ne hana zaruruwan nan haɗuwa, sai ƙwaya ta maƙale a tsakiyar rabuwa ta mutu. A lura da abubuwa biyu. Masu gargajiyar can sun san ganyen yana da ƙarfi, amma cutar da suke ba da shi dominta ba ita yake magani ba. Sannan sai an tara ɗaruruwan kilo na busasshen ganye kafin a samu giram ɗaya na maganin. Wanda ya dafa ganyen a tukunya ba zai samu abin da zai taɓa ƙarin daji ba, zai dai sha tarin wasu sinadarai da bai san aikinsu ba. Shi kansa binkiristin, ɗan itace ne kamar yadda Malam ke so, amma yana sa yatsu mutuwa idan ya yi yawa, in kuma aka yi kuskuren sa shi a lakar baya maimakon jijiya, kisa yake yi.

Haka labarin Taxol, wanda ake ba mata masu dajin nono da na ƙwan mahaifa. Daga ɓawon wata bishiya ta dazuzzukan yammacin Amurka, wanda aka fara ɗebowa a 1962, aka samo shi. Monroe Wall da Mansukh Wani suka gano siffarsa a 1971, Susan Horwitz ta gano a 1979 cewa shi daskarar da zaruruwan yake yi, su kasa warwarewa. Sai a 1992 aka amince da shi. Bishiyar ba ta saurin girma, in an saɓule ɓawonta ta mutu, kuma majinyaciya ɗaya sai an kashe mata bishiyoyi da dama. Masu haɗa sinadarai ne suka ceci bishiyar da majinyatan gaba ɗaya, da suka gano yadda za a ɗauki wani sinadari daga ganyen danginta a ƙarasa gina shi a ɗakin gwaji.

Misalin da ya fi kusa da mu shi ne na dangin geza da taramniya. A Afirka ta Kudu akwai wata bishiya 'yar wannan dangi, wadda George Pettit na Jami'ar Jihar Arizona ya tace wani sinadari daga ɓawonta a shekarun 1980, aka sa masa suna kombiretastatin. A kwanon gwaji yana da ƙarfin ban mamaki wajen tare zaruruwan, yana kuma toshe ƙananan jijiyoyin da ke kai wa ƙarin daji jini. Amma yadda ya fito daga itacen ba ya narkewa sosai a ruwa, balle a sa shi a jijiya, kuma siffarsa takan juye da kanta zuwa wata wadda kusan ba ta da amfani. Shekara da shekaru masana na maƙala masa wani ɓangare don ya narke, suna ɗaure tsakiyarsa don kada ya juye, sun haɗa ɗaruruwan ire-irensa. Irin wannan aiki ne ake nufi idan aka ce an haɗa sabon sinadari mai hana rabuwar ƙwayoyi. Tama daga ƙasar Allah take, amma babu manomin da ke shiga gona da dunƙulen tama. Sai maƙeri ya narka ta, ya fitar da kashinta, ya daka, ya wasa, sannan ta zama fartanya. Babu kuma wanda ya taɓa cewa fartanya ta fita daga halittar Allah don ta bi ta maƙera.

Wani lokaci ma babu hanyar samun maganin sai ta ɗakin gwaji. A 1986 masana a Japan suka samu wani sinadari mai ƙarfi a jikin soson teku, amma tan guda na soson ba ya ba da ko giram ɗaya. Yoshito Kishi na Jami'ar Harvard ya gina shi tun daga tushe a 1992, aka gano rabinsa ne ke yin aikin, aka yar da sauran, aka samu eribulin da aka amince da shi a 2010 bayan matakai 62 na haɗawa.

Batun cewa abin da ya tsiro daga ƙasa ba ya cutarwa kuwa, Bahaushe ya fi kowa sanin ba haka ba ne. Da kwankwani kakanninmu ke dafa dafin kibiya. Zaƙami ya zautar da matasa da yawa. Idon zakara in aka tauna shi yana iya kisa. Masu magani na ƙwarai a cikinmu sun san haka, shi ya sa suke cewa a sha ɗan kaɗan. Matsalar ita ce ɗan kaɗan ɗin ba shi da ma'auni, kuma ƙarfin saiwa yana bambanta daga damina zuwa rani, daga wannan daji zuwa wancan.

Akwai inda Malam ya yi gaskiya, har ma na fi shi jin haushin wurin. Shelar an gano maganin daji ta yi yawa. Kashe ƙwayar daji a kwanon gwaji ba wuya ba ne, ruwan zafi ma yana yi. Cikin magungunan daji da ake fara gwadawa a jikin mutane, waɗanda ke kaiwa ga amincewa ba su kai 1 cikin 10 ba. Kombiretastatin ɗin da na yaba, har yau babu wani nau'insa da ya samu izinin shiga kasuwa. A 1999 masana a Harvard suka tantance sinadarai sama da 16,000, suka fito da monastirol, wanda ke tare injin da ke raba zaruruwan gefe biyu. Aka yi murna cewa za a samu magani mai taɓa ƙwaya mai rabuwa kaɗai, ba tare da lalata jijiyoyi ba. Kamfanoni suka zuba dukiya a kan ire-irensa, kusan duka suka faɗi a gwajin mutane. Ɗaya daga cikin dalilan da masana ke bayarwa shi ne, a kwanon gwaji ƙwayar daji na rabuwa kusan kullum, alhali a jikin mutum yawancin ƙari yakan ɗauki watanni kafin ya ninka, don haka ƙalilan ne magani ke riska suna tsakiyar rabuwa. Ko eribulin, a babban gwajinsa, matsakaicin rayuwar da ya ba mata masu dajin nono da ya riga ya bazu wata 13.1 ne, a kan 10.6 na sauran magunguna. Ƙari ne na gaske, amma ba warkewa ba ce, bai kuma kamata a sayar da shi a matsayin warkewa ba.

Sai dai Malam bai lura da abin da wannan faɗuwa ke nunawa ba. Mun san waɗannan magunguna sun faɗi ne domin an gwada su, an ƙirga, an wallafa sakamakon, an janye su. Wa ke janye garin maganin da ake tallarsa da lasifika a tasha, wanda aka ce yana maganin daji da basir da sanyi da hawan jini a lokaci guda? Idan gwajin kwano bai isa hujja ga sinadarin Bature ba, to bai isa hujja ga ganyen da wani ya ce ya kashe ƙwayar daji a kwano ba. Mudu ɗaya za a auna su da shi.

Kuma binciken bai tsaya a inda ya faɗi ba. Aikin Leland Hartwell da Tim Hunt da Paul Nurse a kan sinadaran da ke ba ƙwaya izinin rabuwa, wanda ya ba su kyautar Nobel a 2001, shi ya buɗe hanyar falbosikilib, ƙwayar haɗiya da aka amince da ita a 2015 don wani nau'in dajin nono. A gwajinsa, idan aka haɗa shi da maganin rage sinadarin mata, cutar takan tsaya cik na kusan wata 25, maimakon wata 14 da rabi. Ga kuma haidiroksiyuriya, tsohon maganin daji mai hana kwafin DNA, wanda hannun ɗan'adam ya haɗa tun daga tushe. Yau shi ne babban maganin da ke rage wa masu sikila tashin ciwo, an kuma yi gwajinsa a Kano a kan yara masu sikila da ke cikin haɗarin shanyewar ɓarin jiki. Iyayen waɗannan yara sun san darajar abin da Malam ya kira guba.

Saura tambayar da ta fi kowace nauyi: in maganin na aiki, don me mutanenmu ke mutuwa? Ƙiyasin hukumar binciken daji ta duniya na 2022 ya nuna kimanin mutum 127,000 sun kamu da cutar a Nijeriya a shekarar, kusan 80,000 sun rasu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe masu arziki fiye da yara 80 cikin 100 masu daji ana warkar da su, a yawancin ƙasashe matalauta kuwa ba su kai 30 ba. Magani ɗaya ne nan da can. Abin da ya bambanta shi ne lokacin zuwa da abin da ke aljihu. Mafi yawan majinyatanmu sai ciwo ya fashe, ya bazu zuwa hanta ko ƙashi, sannan ake ɗauko su, domin an gaya musu daji ba ya son ƙarfe, ba ya son allura. Idan suka rasu a gadon asibiti sai a ce kemo ne ya kashe su, a manta da shekara guda da aka yi ana shafe-shafe da tsime-tsime. Wasu kuma sukan fara, a sayar da gona da awaki, a zango na uku kuɗi ya ƙare a koma gida. Ga jabun magani: wani bincike da aka wallafa a 2025 a kan magungunan daji a Habasha da Kenya da Malawi da Kamaru ya samu kusan ɗaya cikin shida ba su ɗauke da daidai adadin sinadarin da aka rubuta a jikinsu. Ko a Amurka, masana na Yale sun bi diddigin majinyatan da suka ƙi maganin asibiti suka riƙe na gargajiya kaɗai, suka wallafa a 2018 cewa haɗarin mutuwarsu ya ninka sau biyu da rabi, na masu dajin nono kuma fiye da sau biyar.

Da a kan waɗannan Malam ya wasa alƙalaminsa, da ni ne na farko da zan tsaya a bayansa. Ya tambayi dalilin da ya sa asusun tallafa wa masu daji na gwamnatin tarayya, wanda asibitocin koyarwa na Zariya da Gombe ke cikinsa, bai kai ga yawancin mabuƙata ba. Ya matsa wa hukumar NAFDAC a kan ingancin abin da ake shigowa da shi. Ya nemi a ba cibiyar binciken magunguna ta NIPRD da ke Abuja da jami'o'inmu kuɗi da kayan aiki, su ɗauki gezarmu da taramniyarmu su tace, su auna, su gwada, a kuma rubuta sunan mai gargajiyar da ya nuna itacen a ba shi haƙƙinsa. Wannan ita ce hanyar girmama ilimin kakanni, ita ce kuma hanyar da furen Madagaska ya bi har ya shiga jijiyar yaro mai sankarar jini.

Ina roƙon Malam, don girman Allah, ya sake duba shawarar da ya bayar, ya fito ya gyara ta a inda ya wallafa ta. Ke kuma 'yar'uwa da kika ji ƙullutu a nono, da kai uban da ka ga muƙamuƙin ɗanka na kumbura, ku je asibitin koyarwa ko babban asibiti mafi kusa a wannan makon, a ɗauki ɗan samfurin ƙarin a duba. Ku tambayi likita matakin da cutar take, da abin da maganin zai iya yi da wanda ba zai iya ba, ku kuma gaya masa duk wani maganin gargajiya da ake sha. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya.